Yatsu a Bakin Rumbu

Ko da zan manta sunayen jikokina, ba zan manta shekarar da aka sace mana citta ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi makaranta ba. Idan na yi shiru ta san kuka ne, sai ta jira.

A lokacin da aka sauya kuɗi zuwa naira muna ƙauye kusa da Fadan Kagoma. Duk sanda baban yara ya kai kaya Kafanchan, yakan sauka gidan wani ɗan garinmu ma'aikacin jirgin ƙasa, mai talabijin. Can yake kallon wasan 'yan sandan Turawa. Ya dawo ya zaunar da mu a tsakar gida, ya yi ɓarawo, ya yi ɗan sanda, har muryar mota yake yi. Ya ce ɓarawo ba ya tafiya bai bar sawun yatsansa ba, kuma kafin a karanta labarai an kama shi.

Wata Lahadi muka dawo daga coci, busasshiyar cittar da muka adana a rumbu babu ita. Baban yara bai ci abinci ba. Ya hau tsani yana duba bakin rumbun, sai ga sawun babban yatsa mai tsaga a tsakiya. Ƙaninsa ne ke da irin wannan yatsan, lauje ya yanke shi tun yana yaro.

Na ce, "Maigida, wancan wasa ne fa."

Ya ce, "Bature ba ya wasa da ilimi."

Ya daina gaisawa da ɗan uwansa. A coci ma ya sauya benci. Damina ta zo, kowa ya yi noma shi kaɗai, abin da ba su taɓa yi ba.

Da maganar ta isa kunnen ƙanin, ya zo da safe, ya hau tsanin, ya sa yatsansa a sawun. Yatsan ya zauna daidai.

Ya ce, "Yaya, nawa ne. To amma danna naka mu gani ko zai shiga."

Mijina ya danna. Laka ta bushe kamar dutse.

Ƙanin ya ce, "Yaushe lakar nan take ɗanya? Ba ranar da muka yaɓe rumbun tare ba? Ga naka nan gefen nawa."

Mijina ya daɗe a kan tsanin. Da ya sauko ya kama hannun ƙaninsa. Ƙanin ya ce, "Baturenka bai taɓa gina rumbu ba." Suka yi dariya, idanunsu jike.

Ba a gano ɓarawon ba har yau. Su biyun duk sun tafi wurin Ubangiji. Rumbun ya zube gefe guda, amma na hana a rushe bakin. Nakan sa a riƙe ni in taɓa yatsun nan biyu. Abin da na koya shi ne, akwatin talabijin ɗin nan dole ya kama wani kafin a tashi daga wasan, mu kuwa babu mai sa mu dole.