Ranar da Na Shiga Rumfar Maza

Ko na manta da komai na rayuwata, ba zan manta da ranar da na shiga rumfar maza a zaman makokin yayana ba. Lokacin ina sayar da shayi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, ko harafi ɗaya ban sani ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a aji. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce a littafi na samo abin da na faɗa ranar.

Mu mutanen wani ƙauye ne can Kordofan. Ni aure ya kawo ni unguwar Hajj Yusuf a Khartum, ƙanena ya biyo ni ya koyi gyaran mota, har ya yi mata da 'ya'ya biyu. Yayanmu shi ya zauna a gonar mahaifinmu. Wata Talata labari ya iso cewa makiyaya sun koro shanu cikin dawarsa, ya fita ya tare su, suka harbe shi. Can aka binne shi. Mu kuma muka kafa rumfa a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa.

Rana ta uku, bayan azahar, baƙi sun ragu, saura 'yan ƙauyenmu da ke zaune a Khartum da Umdurman. Ina bayan katanga ina hura gawayi, na ji muryar kawunmu. Ya ce akwai lori da zai tashi zuwa ƙauye ranar Asabar, kuma ya san inda za a samu bindiga a hanya. Sai na ji ƙanena ya ce, "Ku sa ni a farko, Kawu." Matarsa na kusa da ni tana wanke kofuna. Kofi ɗaya ta yi ta wankewa.

A nan sai na koma baya kaɗan. A ƙasarmu akwai hanyar shanu, burtali, da muke kira murhal. Tun kafin a haife ni umda, wato mai garinmu, da dattawan makiyaya suka jera manyan duwatsu hagu da dama: tsakiya ta shanu, waje na manoma. In an gama girbi a buɗe musu gonaki su ci kara, su bar mana taki, matansu su ba mu nono mu ba su hatsi. Mu ba takarda gare mu ba, su ma haka. Duwatsun nan su ne takardar kowa.

Sai ruwa ya fara wasa da mu. Damina ta zo a makare, ta tafi da wuri. Gonar tudu ta daina ba da komai. Fadamar da za mu koma, wasu masu tarakta sun zo da takarda mai hatimi daga birni sun kewaye ta. Wuri ɗaya ya rage mai danshi da taki, shi ne murhal. Wata bazara mahaifinmu ya kira ni da yayana, muka sa sanda muka mirgina duwatsun gefenmu cikin murhal, taki biyar. Shekarar da ta biyo muka ƙara. Na yi aure na tafi, yayana ya ci gaba. Su kuma makiyayan ciyawar arewa ta ƙone musu, suka fara saukowa dawa na tsaye ba a yanke ba.

Wannan ne a raina lokacin da na ɗauki farantin shayi. A al'ada sai dai in tsaya bakin ƙofa in miƙa wa wani namiji. Na gyara tob ɗina, wato mayafina, na wuce har tsakiyar tabarma na dire.

Kawu ya ce, "Ke, lafiya? Maza sun ƙare ne?"

Na ce, "Ba su ƙare ba, Kawu, ga su nan ana lissafa su. Tambaya gare ni. A ina Yaya ya faɗi?"

"A gonarsa."

"Wace kusurwa?"

Ya ce wajen tsamiya. Na ce, "Tsamiyar nan ina yarinya a tsakiyar murhal take, ƙarƙashinta shanu ke hutawa. Ita ba ta tashi ba. Ni da Yaya muka ture duwatsun da hannunmu, Baba na tsaye."

Ƙanena ya miƙe. Ya ce, "Yaya, uban naki kike tonawa a kabari? Wato sun yi daidai kenan da suka kashe shi?"

Na ce, "Wanda ya harbe shi Allah ya isa tsakanina da shi har gobe kiyama. Amma kai da ban da sifana ba ka taɓa riƙe ƙarfe ba, in za ka mutu ka san a kan me. Hanyar shanu ce muka shuka." Na juya kan dattawan. "Wanda bai taɓa nasa dutsen ba ya ɗaga kai ya ƙaryata ni."

Ba wanda ya ɗaga. Wani tsoho ya yi ta juya cokali a kofin da babu sukari. Can kawu ya ce, "Halas, ya isa, mun ji. Koma cikin mata." Na kwashe kofunan da aka sha na koma.

Da ma in ce maganata ta hana tafiyar. Ba ta hana ba. Lori ya tashi ranar Asabar da mutum shida, huɗu suka dawo. Amma ƙanena ba ya ciki, kuma ba don ya yarda da ni ba. Da safe ya je tasha da jakarsa, kawu ya ce masa ba za su tafi da ɗan gidan da mace ke kwance wa maza zani a rumfa ba, ya koma yayarsa ta ba shi shayi. Ya dawo ya wuce ƙofata bai kalle ni ba. Shekara biyu bai ci abin da na dafa ba, ko a Sallah. Matarsa ce take zuwa a ɓoye ta taya ni tuƙa kisra, wainarmu ta dawa.

Yanzu gemunsa ya yi fari, ya aurar da 'ya'yansa. Har yau ba mu taɓa maganar ba. Ƙauyen kuwa an watse. Wanda ya bi ta can ya ce babu dawa, babu shanu.

Abin da na koya ranar shi ne, faɗan ƙasa ba ranar harbi yake farawa ba. Yana farawa ne daminar da ruwa ya ƙi, kowa ya matsa kaɗan cikin na wani don 'ya'yansa su ci, ya kuma yi shiru. Na koyi cewa in ka san inda naku suka matsa, ka faɗa tun mutanenka na zaune a tabarma. Za su tsane ka, sun tsane ni. Na gwammace ƙanen da ba ya gaishe ni da wanda zan kafa wa rumfa.