Gadin Babban Yatsan Kaka

Shekarar da na gama sakandare ina zaune a gida a Kwoi ina jiran sakamako, ba makaranta ba sana'a, don haka duk aikin da kowa ya ƙi ni ake ɗora wa. A cikin irin waɗannan ayyuka ne aka ba ni gadin yatsa. Yatsan mutum, mai rai, yana manne a hannun mai shi. Yatsan kakana na wajen uba.

Kaka tsohon soja ne. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, ya fito da igiya biyu, ya dawo gida ya kama noman citta kamar kowa a garinmu. Fanshonsa ba wani abin kirki ba ne, amma shi ke saya masa maganin hawan jini, kuma shi ke ba shi bakin cewa bai taɓa roƙon ɗan da ya haifa ba. Lokaci lokaci akan kira tsofaffin sojoji a tantance su, a ga suna nan da rai. Wanda ba a tantance ba, sai a ajiye sunansa a gefe, fansho ya tsaya. A da ganin ido ya isa. Yanzu sai ka ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura mai gilashi. In ta gane ka ta kawo kore, in ba ta gane ka ba ta kawo ja.

Ni na raka shi Kafanchan a karon farko. Ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki da Mama ta goge masa, ya maƙala lambobinsa a ƙirji, ya ƙi yarda in riƙe shi lokacin hawa mota. A bakin zauren da ake tantancewar muka tarar da abokinsa, wanda mu duka muke kira Alhaji. Tare suka yi soja, runduna ɗaya. Shi ɗan cikin Kafanchan ne, kakanninsa ma a kasuwar suka tsufa, kuma tun da ya ajiye bindiga yadi yake sayarwa. Kaka na ce masa Riƙau, wai a fareti kullum shi ake riƙewa kada ya faɗi. Shi kuma yana ce wa Kaka Sarkin Yaƙi, da wata irin murya da ke nuna ba yabo ba ne.

Ranar ba a bar 'yan rakiya sun shiga ba, saboda cunkoso. Na zauna a gindin mangwaro ina cika ina batsewa. Alhaji ya shiga ya fito kamar wanda ya je shan ruwa, na'ura ta karɓe shi taɓawa ɗaya. Kaka kuwa ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ba daɗi. Ya ce abin ya kawo ja, an gwada an sake gwadawa, ja. Wai yaron da ke kan na'urar ya duba babban yatsansa ya ce zanen ya goge, ya zama sumul kamar bayan cokali. Ya ce ya je ya hutar da hannun, za su zagaya wajen Kagarko su dawo bayan 'yan makonni, ranar nan ce dama ta ƙarshe a yankinmu.

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai shi ya daɗe yana zargin Kaka ya mutu tun a bakin daga, taurin kai ne kawai ya hana shi kwanciya, yau ga shi kwamfuta ta tabbatar. Kaka ya ce hannun da bai san komai ba sai shafa atamfa dole na'ura ta so shi, ai hannun amarya ne. Haka suka yi ta yi har tasha. Amma a mota Kaka yana ta juya babban yatsan yana kallo. Sai da muka kusa gida ya ce, ba da ni yake ba ma, “Ina tsaye a gabansu, ina numfashi, wai a jira abin nan ya faɗa.”

Ba sai an gaya wa ɗan Kwoi abin da ya cinye zanen ba. Citta ce. Bayan an haƙo ta sai a tsaga kowace ɗaya gida biyu da wuƙa kafin a shanya, kuma babban yatsa ne ke tare bakin wuƙar. Ka yi wannan shekara da shekaru, ga ƙasa, ga yajin cittar kanta, ka ga abin da zai rage. Kuma abin ya faɗo daidai lokacin tsaga. Tsakar gidanmu cike da tulin citta, kan duwatsu fari fat da shanya, ƙamshin har cikin ruwan sha.

Mama, wato matar babana, ita ta kafa doka. Ba wuƙa, ba fartanya, ba ɗaure buhu. Safe da yamma a shafa wa yatsan man kaɗanya. Don kada ya manta, aka ɗauko farar safata ta makaranta aka zura masa a hannun dama. Sannan ta juyo ta kalle ni ta ce tun da ba abin da nake yi sai danna waya, in danna ina kallonsa.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, shi ma kuma a wajensa na gado. Tun ina ƙarama yake ce mini matarsa, ni kuma in ce na sake shi, ya tsufa. Yanzu wasan ya koma gaske, na zama matar da ke bin miji ko'ina. In ya tashi in tashi. In ya ce zai zagaya, in tsaya daga nesa ina kallon ko ya ɗauki wani abu a hanya. Ya ce ko a bariki bai ga saje mai mugunta irina ba. Na ce to ya yi ta gani.

Cin abinci ma ya zama rigima. Mama ta ce tuwon acca da zafi zai ƙara cinye yatsan, ta ba shi cokali. Ya kalli cokalin, ya kalle ta, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Da hagu kuma ba zai ci ba ko za a kashe shi. Ƙarshe dai ya riƙa cin tuwon da yatsu huɗu, babban yana tsaye a sama kamar mai cewa komai lafiya.

Hannun hagun nan dama yana da nasa labarin. Manuniyarsa, yatsan da ke kusa da babba, a sandare take tun zamanin yaƙi, ba ta lanƙwasuwa. In yana aiki sauran yatsun na riƙe citta, ita tana miƙe tana nuna sama. A gida an gaya mana harsashi ne, kuma ba a tambaya. Alhaji kaɗai ke cewa ƙofar bayan motar soja ce ta datse ta ranar da Kaka ke sauri ya riga kowa layin abinci. Kaka ba ya son a kalle ta. In baƙo ya zo, hannun yana aljihu.

Ran Lahadi da safar nan a hannunsa ya je sujada a coci. Ya ƙi cirewa, ya ce ai oda ce. 'Yan zumuntar mata suka kewaye shi bayan an tashi, ba wadda ta tambayi lafiyarsa, duk yatsan suke gaisarwa. Ya ya yatsa, Baba? Yatsa ya kwana lafiya? Wata ta ce a gwada ruwan ɗumi da gishiri, wata ta ce gishiri ne ma zai ƙarasa shi, man ja ya fi. Fasto ya sa shi a addu'a. Kaka ya sara wa kowa da hannu cikin safa, har da 'yan kwaya masu waƙa.

Sau nawa na kama shi? Ban ƙirga ba. Wanda na fi tunawa shi ne na bayan rumbu. Na shiga ɗaki ɗauko caja, na fito ba shi. Na same shi a tsugune, safata a rataye a kafaɗarsa, ya ari wuƙar maƙwabta, ya riga ya tsaga kusan rabin kwano. Hannunsa na tafiya kamar ba shi ke sarrafa shi ba, ko kallon wuƙar ba ya yi. Na fizge ta. Na ce masa in yana so a rubuta shi cikin matattu ya gaya mini in daina wahala, in koma wayata.

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Matata, duba nan. Suna so su san ko ina da rai. To don su sani, wai sai na zauna kamar gawa, hannu a naɗe. Wannan wane irin lissafi ne?”

Na ce ya miƙo hannu, na mayar masa da safar. Amma daga ranar nakan jawo kujerarsa kusa da inda muke tsaga, ya zauna yana ba mu oda, yana cewa na yi kauri, na yi siriri, ina ɓarna. Ya fi mini sauƙi ya zage ni a gabana da in neme shi a bayan rumbu.

Ranar komawa muka kama motar farko. Alhaji ya rufe shago ya zo, wai ya zo jana'iza. Wannan karon mutane kaɗan ne, duk waɗanda na'ura ta ƙi ne, kusan dukkansu manoma, kowa na riƙe da yatsansa kamar ƙwai. Wani tsoho daga wajen Kagoro ya naɗe nasa da ganyen ayaba. Da yake ba cunkoso, aka bar mu muka shiga.

Mai na'urar wani ƙaramin hafsa ne, ba zai girme ni da yawa ba, mai ladabi har ya yi yawa. Na cire safar da kaina. Yatsan ya yi laushi, yana sheƙi, ni dai a idona har zane na gani. Hafsan ya goge shi da tsumma, ya ɗora. Ja. Ya sake gogewa, ya danna a hankali. Ja. Ya bi sauran yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, duk ja. Na tuna rabin kwanon nan na bayan rumbu, na harari Kaka, shi kuma yana kallon bango, ƙirji a gaba.

Sai hafsan ya ce, da muryar lallashi, “Baba, don Allah yau dai a taimaka a ba ni hagun.”

Yau dai. Kalmar ta tsaya mini. Na tambaye shi me yake nufi da yau dai. Ya ce ai wancan karon ma ya roƙa, domin yatsu goma ne a cikin kwamfuta, kowanne ya kama ya wadatar, amma Baba ya ce a'a, ga layi har waje, shi kuma ba zai yi jayayya da sa'an kakansa ba.

Na juya na kalli tsohon nan. Makonni ina bin sa har bakin bayan gida, safata ta lalace, Mama ta ƙarar da man kaɗanyarta, ashe akwai hannu guda da ba a ma gwada ba. Na ce, Kaka, me ya sa? Ya amsa yana kallon bango, ya ce shi ba a haife shi a gidan da ake miƙa wa babba hagu ba, kuma soja ba ya ba hafsa hagu. Wancan na cikin kwamfuta ma, lokacin da aka ɗauka, farar hula ne ya kama hannun da kansa. Alhaji ya ce wannan yaron ai jikanka ne. Kaka ya ce tauraron da ke kafaɗarsa ba jikansa ba ne.

Hafsan ya fara wani sabon roƙon, Baba ka yi haƙuri, Baba ba komai. Na ga za mu kwana a nan. Na ce masa, “Oga, ka daina roƙonsa. Ba ya jin roƙo, a gida ma mun gwada. Oda za ka ba shi.”

Ya kalle ni kamar na ce ya mari babansa. Alhaji ya ce yarinyar ta yi gaskiya, ka daka masa tsawa irin ta fareti, da ita aka raine shi. Hafsan ya miƙe tsaye, ya gyara hula, kunya duk ta kama shi, ya ce, “Kofur! Hannun hagu, kan na'ura!”

Kaka ya buga ƙafa har ƙurar siminti ta tashi. Ya zaro hannun daga aljihu, ya tallafe shi da na dama a wuyan hannu, yadda ake yi in dole ta sa a miƙa wa babba abu da hagu, ya ce a gafarce shi. Da yake manuniyar nan a miƙe take, ita ta riga sauran isa gilashin. Kafin hafsan ya zauna, abin ya kawo kore.

Tsohon mai ganyen ayaba ne ya fara tafi. Hafsan ya kamo yatsan yana dubawa, ya ce zanensa raɗau kamar na yaro. To me zai goge shi? Tun kafin a haifi babana bai taɓa wuƙa ba, bai taɓa ƙasa ba.

Kaka ya ɗaga yatsan ya daɗe yana kallonsa, a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ce, “Kai, malalaci. Tara suna aiki kana kallo, ashe kai za a tambaya.”

A waje Alhaji ya ce to yanzu sai a je a nemo ƙofar motar nan a yi mata godiya. Kaka ya ce harsashi ne. Alhaji ya ce ƙofa, kuma wake ake rabawa ranar. Suna wannan muka shiga keke napep, Alhaji ya kai mu wajen mai tsire kusa da tashar jirgi ya ce a ba mamaci ya ci. Kaka ya ci da dama, yatsu biyar, har da lasa.

Da muka isa gida ko riga bai cire ba. Ya wuce Mama da ke tambayar yadda aka yi, ya ce in ba ta labari, ya ɗauki wuƙarsa a inda ta ɓoye, ashe ya san wurin tun tuni, ya zauna gaban tulin citta da lambobinsa a ƙirji. Na gaya wa Mama komai. Sai ta shiga ɗaki ta kankaro ɗan man da ya rage a gwangwani, ta zo ta shafa wa manuniyar. Bai hana ta ba, bai kuma daina tsaga ba.

Safata dai ban sake samunta ba. Ya yanke ƙafar, ya ɗinke bakin, ya mayar da ita gidan wuƙa.