Audugar Baba a Masaƙar Turawa

Ofishin da ke kula da ɗaliban waje a jami'ar da na yi karatu a Ingila yana da wata ɗabi'a: duk ƙarshen wata sai a zuba mu a doguwar mota a kai mu ganin al'adu. Na kuwa ga al'adu har na gode Allah. An kai mu wani rusasshen gida, ba rufi ba ƙofa, aka ce na wani sarki ne, muka tsaya cikin yayyafi muna ɗaɗɗaga kai. A garinmu, can tsakanin Malumfashi da Kafur, irin wannan kango awaki ke kwana a ciki, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar su hoto. An kai mu wata gona ganin tumaki. Ni da na tashi ina korar tumaki daga shanyar Inna, aka ba ni takalmin roba na sa, wata baiwar Allah ta yi mini bayani dalla-dalla cewa ciyawa suke ci.

Amma akwai tafiya guda da na rubuta sunana tun ba a gama liƙa sanarwarta ba, ita ce ta zuwa masaƙa. Dalili kuwa Baba ne.

Baba manomin auduga ne na gado. Ya sha ba mu labarin yadda mahaifinsa ke ɗora ta a jakai zuwa fuloti, inda ake awo, daga nan a kai ta Funtua a gurje, a ɗaure diloli, jirgin ƙasa ya kwasa sai bakin teku, sai ƙasar Turawa. Duk Baturen da Baba ya gani a talabijin da farar riga sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙila tamu ce." Maƙwabta duk sun koma masara da waken suya, shi kaɗai ya rage a gefenmu. Yayana, wanda shi ke tsaye kan gonar kuma shi ke da 'ya'yan ciyarwa, ya gaji. Kowace damina sai sun yi ta, Yaya yana cewa auduga ta daina riƙe gida, Baba yana cewa masu saye na nan, 'yan tsakiya ne suka lalata lamarin.

Da na samu gurbin karatu, sai Baba ya yanke hukunci.

"Ga Auta za ta can," in ji shi. "Ta je ta gano masu masaƙar, ta ji daga bakinsu. In sun ce ba su so, sai ka shuka masararka."

Ni da aka tura karatun lafiyar al'umma, sai ga ni jakadiyar manoman auduga. Ana gobe zan tafi ya zauna kan tabarma ya zaɓi mafi farin audugarsa, ya cire anguryar da hannunsa, ya ƙunshe a tsumma mai tsabta.

"Ba a zuwa wurin uban ɗaki hannu rabbana," ya ce. "Ki ba su, ki ce mutanen Funtua na gaishe su."

Sanarwar ta rubuta ƙarara cewa gidan tarihi ne. Na karanta, na gane, amma na ce wa kaina ƙila ta baya ana aiki. Muka iso wani ƙaton gini na jan bulo, da doguwar mafitar hayaƙi wadda ba ta fitar da komai. Abin da muka fara tararwa shi ne shagon shayi. Wata mata ta tarbe mu cikin tufafin ma'aikatan da, har da ɗankwali, wai ita 'yar masaƙa ce. Aka raba mana abin toshe kunne, ta kunna injin saƙa guda ɗaya tal, ya yi ƙara na ɗan lokaci, ta kashe. Muka tafa. Injin niƙan unguwarmu yana wuni yana wannan ƙarar, ban taɓa ganin an tafa masa ba.

Sai ta ɗauko wani busasshen reshe da 'yar auduga a jiki, ta yi ja don tsufa, ta ce kowa ya taɓa, amma a hankali. Abokan karatuna suka yi layi suna shafawa kamar jariri. Ni kuwa na sa hannuwana a aljihu, don sun san wannan reshen, shi ke yayyaga mini yatsu kowace kaka.

Na tambaye ta daga ina suke sayen auduga yanzu. Ta yi dariya mai daɗi, ta ce ai tun ba a haife ta ba aka daina saƙa a nan. Tawul ɗin da ake sayarwa a shagonsu ma daga wata ƙasa ake kawo shi.

Amsa ta samu ke nan, da sai in ja bakina. To amma an aike ni, kuma ban ga yadda zan koma da ƙunshin Baba ɗaki ba. Na ciro shi daga jaka, na kwance, na miƙa mata da hannu biyu, na ce mahaifina ya noma, kuma mutanen Funtua na gaishe su. Matar nan ta dafe ƙirji, idanunta suka ciko. Ta kira wani mai gilashin ido, suka jujjuya, suka yaba farinta, suka roƙe ni in bar musu. Kafin mu tafi an buɗe wani akwatin gilashi an ajiye audugar Baba kusa da tsohon sikeli da takalmin katako. Aka sake tafawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi murmushi, don ana ɗaukar hoto.

Washegari na kira gida. Yaya ya ɗauka, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, har kukan kaji ina jiyowa.

"Auta, kin je?" Baba ne.

"Na je, Baba."

"Sun gani? Mi suka ce?"

"Sun ce ba su taɓa ganin mai kyanta ba."

"Kun ji ko!" Na san da Yaya yake. "To yaushe za su aiko?"

Da na ce sai baɗi, da ya kwana cikin farin ciki, Yaya kuma ya sake shekara yana sayen masara a kasuwa alhali ga gona. Tausayin Baba ya kama ni, amma na faɗa masa. Na ce masaƙar ta daɗe da mutuwa, yanzu wurin kallo ce, mutane ke biya su shiga su ga yadda ake yi a da.

Sai Baba ya sake tambaya:

"To ita audugar fa?"

"Sun sa ta a gilashi, Baba. Ana kallo."

"Ana kallo," ya maimaita. Sai na ji ya ce wa Yaya, "Karɓi wayarka."

Lokacin da na dawo kaka ta kusa. Daga tashar Malumfashi na hau babur, muka bi ta bakin gonarmu. Masara ce ko'ina, ta fi ni tsawo, Yaya ya yi aiki. Sai can bakin hanya na hango kunya ɗaya, guda ɗaya tak, ta yi fari fat da auduga. Baba na zaune kusa da ita kan buzunsa, ya rame, carbi a hannu. Na sauka na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, sannan ya nuna mini kunyar da haɓarsa.

"Zo ki kalla, Auta," ya ce. "Mu nan kyauta ne, ba a biyan kuɗin shiga."