Ranar da Muka Hau Mambila da Kare

Matar ta daɗe tana haya a gidanmu na Kurmin Sarki a Suleja. 'Yar Kudu ce, Kirista, tana sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa, mu kuwa Mama muke ce mata tun muna yara. Da mijinta ya rasu, ɗanta da ke koyarwa a Gembu, can saman tsaunin Mambila, ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Ta yarda, amma ta ce ba za ta bar karen marigayi ba, wani ja mai yagaggen kunne. Direbobin tasha suka ƙi ɗaukar kare. Ina da a-kori-kura a lokacin, sai mahaifiyata ta ce zaman tare na shekaru ya fi ƙarfin in tsaya ina nuƙu-nuƙu.

Ban taɓa ko shafa karen nan ba. Ita ta ɗaure shi a baya tsakanin katifa da tukwane, muka kama hanya da hantsi. Wunin farko Mama ba ta yi magana ba sai in za a tsaya a ba shi ruwa. Tun rasuwar haka ta koma. Ni dai ina hango shi ta madubi, ya ɗaga hanci sama, iska na kaɗa masa kunnuwa.

Kashegari bayan Serti muka fara hawa. Ni da na tashi a gindin dutsen Zuma na ɗauka na san dutse, ashe da saura. Hanya ta dinga naɗewa kamar rawani, hagu bango, dama rami mai zurfin da ƙasansa ba ya ganuwa. Kunnuwana suka toshe, bakina bai rabu da salati ba. Muna kaiwa sama mota ta ɗauki zafi, dole na gangara gefe na buɗe mata gaba.

A nan gajimare ya same mu. A ƙasa yake tafe, yana bin ciyawa, fari fat, da sanyi mai shiga ƙashi. Mama ta kwance karen don ya miƙe ƙafa. Wanda bai san komai ba sai tsakar gida da kwata, ya tsaya ya shinshina ciyawar, sannan ya zura a guje. Farin nan ya haɗiye shi.

Muka yi ta kira, shiru. Na ga hankalinta ya tashi, na ce zan bi shi, ta riƙe mini riga.

"Tsaya, ɗana. Marigayi ba da murya yake kiransa ba."

Ta sa yatsu biyu a baki ta gwada fito irin na mijinta. Na farko iska kawai ta fito. A na uku sautin ya tashi, siriri, ya ratsa kwarin ya dawo mana.

Kafin karen ya iso, gajimaren ya yaye. Har yau ban iya kwatanta abin da na gani yadda ya kamata ba. Tuddai ne koraye shar, ɗaya bayan ɗaya, babu gida, babu katanga, har inda ido ya gaji. Shanu jajaye masu dogayen ƙahoni sun bazu a kai kamar an watsa barkono a tabarma. A can ƙasa da mu wani gajimaren ke yawo, inuwarsa na binsa. Sai ga ɗigon ja yana keto ciyawa, ya iso jiƙe sharkaf, ya faɗa jikinta. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba, tana yi wa Allah godiya da yarensu.

Azahar ta yi, na yi alwala da ruwan da ya kusa ƙandarar mini da yatsu, na shimfiɗa darduma a ciyawa. Mama ta ja karen nesa ta riƙe shi har na sallame. Ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban Ubangiji kamar a sujadar nan ba.

Daga nan har Gembu bakinta bai rufe ba. Ta ba ni labarin yadda ita da mijinta suka zo Suleja da akwati ɗaya, da ranar da aka haife ni, da yadda mijinta ya tsinto karen a bayan gareji. Ɗanta ya tarye mu a bakin makaranta. Na kwana biyu a wurinsu, na cika bayan mota da ayaba da fiya, na gangaro ni kaɗai.