Ƙarfen da na tarar a bakin injin

Ƙaramin injina na sassaƙar ƙarfe ya ishe ni. Manoman albasa na Dingyadi su kawo sandar injin ban-ruwa, in juya ta nan, in juya ta can, ta ƙi shiga, su wuce Sakkwato ina kallo. Da na ji wani mai irin sana'ata ya rasu a Shagari ana neman mai ɗaukar babban injinsa, ko karyawa ban tsaya yi ba.

Yayan mamacin ne ya buɗe mini shagon. Injin na rufe da buhu, bakinsa riƙe da sandar ƙarfe, rabinta ta sha aiki tana ƙyalli, rabi baƙa. Na kai hannu zan kwance ta, ya riƙe ni.

"Bari, ƙanena. Aikin wani na, ba mu san mai shi ba. Wuta anka ɗauke, yaz zamna jiranta, nan rai yay yi halinai. Amana ta, kak ka yasda ta."

Raina ya ɓaci. Inji na zo ɗauka, ba nauyin mamaci ba. Amma haka na kai shi gidana na Bodinga da ƙarfen a baki. Na san wanda ya tafi da kayan mutane a hannu, kwanciyarsa ba ta daɗi.

Mai gyaran wuta ya haɗa waya ya tafi, don ranar babu wuta. Bayan azahar ina tsakar gida ina cin tuwo, sai na ji gurnani daga shago. Na leƙa. Babu kowa, injin yana juyi shi kaɗai, wuƙarsa na cin ƙarfen daga daidai inda aka tsaya. Na san dalili sarai: wuta ce aka kawo, mamacin bai kashe makunni ba, mu ma ba mu duba ba. Amma sanin bai amfane ni ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji da rana tsaka ba.

Na kashe shi. Sai na ga 'yan zane-zanen da mamacin ya yi da ƙusa a baƙin rabin, alamar inda zai rage da inda zai bari. Na hau katakon da yake takawa, wanda aka haɗo mini da injin. Sawunsa ya ci katakon, ƙafafuna suka zauna ciki daram. Na bi zanensa har ƙarshe, ban san abin da nake ƙerawa ba.

Aka yi ta cigiyar mai ƙarfen a masallatai da kasuwa, shiru. Damina ta wuce kafin wani dattijo ya sauka daga babur a ƙofata. Daga Horo Birni yake, sandar injin niƙansa ce, ciwo ne ya kwantar da shi tun lokacin. Na miƙa masa ita, ya bi ta da ɗan yatsa yana neman inda hannun mamacin ya tsaya nawa ya ɗora. Bai samu ba. Na karɓa na duba, ni ma ban samu ba.

Ya dube ni, ya gyara tsayuwa.

"Ya haƙuri? Allah shi gahurta mai."

Mamacin nan kuwa ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Na buɗe baki in ce ni ba ɗan'uwansa ba ne, sai na ji na ce amin.