An Zo Yi Mini Ta'aziyyar Kaina

Jama'a, yau an zo gidana ta'aziyyar rasuwata, kuma ni na buɗe ƙofa!

Da ƙarfe goma da minti bakwai aka yi sallama. Adebayo ne, tsohon abokin aikina a Vom. Yana ganina ya ja da baya: "Oga Sani! Kai ne ko fatalwa?"

Ashe lambata ya nema a intanet. Bayan tarin tallace-tallace, injin binciken ya haɗa hotona da sanarwar rasuwar wani mai sunana. Na duba da kaina: "marigayi"! Kuma babu ofishin da zan kai ƙara.

Na ce, "Tunda ka zo, shigo." Muka sha shayi har azahar.

Ku sani, shi ne baƙona na farko tun ƙaramar Sallah.