Yis ɗin Zuwaira a Ƙullun Waina

Zuwaira matar yayana ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji a nan Kaduna. A farkon shekarun casa'in, lokacin da matan unguwar Doka ke kiwon kaji, ita yis take kiwo, irin mai kumbura burodi. Tambaya ɗaya ta hana ta sakat: ƙwayar yis ba kunne, ba agogo, wa ke gaya mata lokacin rabuwa gida biyu ya yi? Zarginta ya faɗa kan kalsiyam, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi. In ta hana ƙwayoyin shi, sai su yi cak. In ta mayar musu, su ci gaba da hayayyafa. Amma digirin da take nema sai ta maimaita gwajin da iri guda, wanda aka aiko mata daga waje, kuma babu na biyunsa a garin.

Da firij ɗin wurin aiki ya mutu, ta kawo kwalbar yis ɗin gida ta tsoma a randa. Surukarta, Inna Delu, wadda ta zo daga Katabu, ta tambaya mene ne wannan.

"Yis ne, Inna."

Washegari Zuwaira ta tarar da kwalba a wanke tas an kife, ƙullun waina kuwa ya kumbura har yana ture murfi.

"'Yar nan, ina kika samo shi? Na kasuwa bai kama ƙafarsa ba!"

Suruka ba a ɗaga mata murya. Zuwaira ta durƙusa.

"Inna, tanda ta hau wuta?"

"Yanzun nan."

"A ɗan sam min ƙullun tukuna."

"Ɗanye? Jama'a ku zo ku ji! Kwaɗayi ya fara. Allah Ya raba lafiya!"

Ba ta musa ba. Ta cika kofi, ta rufe da mayafi, ta tari bas zuwa kwaleji.

Ƙullun shinkafa kasuwa ce, kowace irin ƙwaya tana ciki. Ta dinga shafa shi siriri a farantan gwaji, faranti bayan faranti, tana neman nata, wanda in ya girma ja yake yi. Makonni suka shige, farare kawai ke tsirowa. Maigidanta ya ce ta haƙura. Ta ce ya miƙo mata sabulu, akwai farantan wankewa.

Ran da ɗigon ja ya leƙo a gefen faranti, ta ɗauke shi da tsinin waya, ta raba a kwalabe, ta fara gwajinta daga farko.